Jatan Lande Mai Miƙaƙƙiyar Wutsiya

Yayana yana kwance a gidana, nan Kafanchan, a ɗakin da muke ajiye citta a da. Idonsa ya tafi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, abinci kuma sai da lallashi. Likita ya ce mu koma da shi gida mu ba shi duk abin da ransa ke so, kuma babu wanda bai san abin da wannan magana take nufi ba. To, abin da ran nasa ke so ne ya hana ni sukuni. Bai ce nama ba, bai ce shinkafa ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ƙanwata, miyar jatan lande ta Mama nake so. Na rafinmu fa, ba na leda ba." Na tsaya ina kallonsa, tausayi da haushi suka kama ni. Duk duniya a rasa wanda zai nemi jatan landen rafinmu sai shi! Amma na haɗiye, na ce masa to, Yaya, zan nemo.

Yaran yanzu in ka ce musu jatan lande sai su yi sororo, sai ka ce kirefish sannan su gyaɗa kai. Su abin da suka sani ke nan, wannan busasshen da ake kawowa daga kudu cikin buhu, ana aunawa da gwangwani, rabi yashi rabi karyayyun ƙafafu, ga wani wari da ke bin mutum har gida. Tir! Namu ba haka yake ba. Namu mai rai ne, tsawon yatsa, launin ƙasa, da dogon gashin baki yana ta motsi, kuma yana zaune ne ƙarƙashin duwatsu a rafin da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Madakiya. Ruwan rafin nan daga kan dutse yake gangarowa, sanyi ƙalau, kana ganin tsakuwar ƙasansa. Shi muke sha, shi muke wanka da shi, shi ake ɗiba a kai coci ranar baftisma in ba a sauka bakinsa ba.

Idan an gama girbin acca, ruwa ya ja, sai mata su sauka rafi da kwanduna. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar duwatsu suna gogar juna a cikin ruwa, da ihun wadda ƙaguwa ta dantse wa yatsa, da waƙar da ake yi da yarenmu ana zolayar amaren da ba su iya ba. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ta kafa kwando a ƙasan dutse, ta inda ruwa ke wucewa, ɗaya ta ɗaga dutsen ta tattaka wurin da ƙafa. Jatan lande da baya yake gudu, sai ya faɗa kwando da kansa. A ɗaga kwandon sama, ruwa ya tsiyaye, ka ji suna tsalle, fat, fat, fat. Sai a zuba su a ƙwarya, a rufe da jiƙaƙƙen ganye don su isa gida da ransu. Ƙafafunmu su yi fari su yamutse don sanyi, bayanmu ya ƙage, amma ba mai son a tashi.

Akwai doka, kuma dokar ba a takarda take ba. Mamarmu ce ke riƙe da ita, ta gaje ta daga uwar mijinta. Da ruwan farko ya sauka, sai ta tafi bakin rafi ta kafa sanda, ta ɗaure ƙullin ciyawa a kanta. Daga ranar, ko yunwa za ta kashe ki, ba ki sa kwando a ruwa, domin lokacin ne suke ɗaukar ƙwai. Sai bayan girbi take zuwa ta kwance ƙullin da hannunta. Ko an buɗe rafi ma, kowane ɗaya sai kin juya shi kin duba cikinsa. Mai ƙwai, a mayar. Ƙarami, a mayar. Dutsen da kika ɗaga, ki mayar da shi yadda kika same shi, don gidan wani ne. Magimfa kuwa, ganyen nan da ake dakawa a zuba a tafki don kifi ya bugu, ko sunansa ba a ambata a bakin rafinmu, saboda mutanen ƙasa da mu daga nan suke sha. Mama ba ta da yawan magana. In ta ga yarinya ta sunne mai ƙwai a ƙwarya, sai kawai ta ce, "Ke, baɗi me za ki ci?" Yarinya ta mayar, kunya kamar ta nutse.

Dahuwar kuwa, wayyo Allah! Ana isa gida ruwa na tafasa a tukunyar ƙasa, an sa gishiri da ɗanyar citta. Da ransu ake zuba su, a rufe maza. In aka buɗe, sun koma ja wur, kowanne ya naɗe wutsiyarsa ya kai ta ciki. Mama takan tsamo ɗaya ta nuna mana. "Ku duba da kyau. Wanda ya shiga tukunya da rai, wutsiya a naɗe take fitowa. In kun ga ta miƙe, mushe ne, ku yar." Sai a cire kawunan a niƙa a dutse tare da soyayyen riɗi da daddawa, a tace, wannan shi ne ruwan miya. Jikin kuma a soya a manja da albasa, a zuba a kai, a kawo gauta da 'yar yakuwa. Da tuwon acca ake ci. Ba magi, ba komai na leda, amma ƙamshin yakan tsallake danga, maƙwabta su fara aiko yara wai aron wuta. Babanmu, wanda ba ya yabon komai, in ya suɗe kwano yakan ce, "Yau dai an yi girki a gidan nan."

Ina budurwa lokacin da Yaya ya samu wadda zai aura. Ya ɗan yi aiki a wata babbar gona, ya dawo da agogo da takalmi mai ƙara da baki cike da Turanci. Dangin yarinyar suka aiko cewa za su zo ganin gida, kawunnanta da gwaggonta da wani dattijon cocinsu. Yaya ya dage sai an yi musu miyar jatan lande, kuma ba irin 'yar ƙwaryar da muka saba kamowa ba, so yake a cika musu kwano har su tafi da saura, su je su ba da labari. Mama ta ce abin da rafi ya bayar shi za a ci. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ku kun cika wahalar da kanku. Duniya ta ci gaba. Ki bar mini wannan."

Ranar da baƙin za su zo, hantsi ya yi, mun share gida, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaro, sai ga Yaya ya shigo da babban daro a ka, an rufe da ganyen ayaba. Ya sauke a gaban murhu yana haki yana murmushi. Ya ce ya kama su tun da safe, ya tafasa su a bukkar gona don ya rage wa Mama aiki. Na leƙa, na ce kai! Tunda nake ban taɓa ganin jatan lande mai yawa haka wuri ɗaya ba, jajaye har bakin daro. Na fara yi masa kirari. Mama ta matso. Ta durƙusa, ta sa hannu ta ɗebo, ta baza a tafinta. Ta sake ɗebowa daga ƙasa. Sai na ga abin da take gani. Duk wutsiyoyin a miƙe suke sambal, ko ɗaya babu naɗaɗɗe. Ga manya, ga 'yan mitsi-mitsi waɗanda ko tsawon farce ba su kai ba. Ta kai hanci ta shinshina, ta kau da kai. Ƙarƙashin ƙamshin dahuwar akwai wani wari mai kama da kananzir.

Ta ce da ni, "Je ki rafi ki dubo mini." Na tafi da gudu, kuma har gobe ina da-na-sanin idona ya ga abin da ya gani. Tun kafin in isa wari ya tare ni. Babu kukan kwaɗi, babu komai, tsit. Gurbin da muke kamu ya yi fari-fari, ga kumfa a gefe. Kifaye sun juya ciki sama. Ƙaguwa sun rarrafo kan duwatsu sun mutu a nan, ƙafa a sama. Talibambam sun taru a bakin ruwa baƙi ƙirin kamar an zubar da dusa mai ruɓa, ƙudaje kore sun riga sun sauka. A kan wani dutse ga kwalbar maganin feshin gona, babu komai ciki. Na yi amai a nan bakin ruwan da nake sha tun ina jaririya. Can ƙasa kuma na hango wata mata ta doso da tulu. Na ƙwala mata ihu na ce kada ta ɗiba, sannan na juya gida ina kuka.

Na tarar baƙi sun iso, suna zaune ana ba su kunu, Babanmu na ta fara'a. Na raɗa wa Mama a bayan rumbu. Yaya ya biyo mu, Baba ma ya taso da ya ga fuskokinmu. Yaya ya fara rantse-rantse, daga baya ya sauko ya ce ai ɗan kaɗan ya zuba, ai wuta ya kashe maganin, ai a inda ya yi aiki haka kowa ke yi. Baba ya riƙe kai, ya ce da Mama ƙasa-ƙasa, "Don Allah ki rufa mana asiri. Ki yanka kaza a ba su, wannan a ɓoye shi. In sun tafi sai mu san abin yi." Mama ta dube shi ta ce, "Su tafi, mutanen ƙasa kuma su yi ta sha?" Yaya ya durƙusa ya kama ƙafarta. "Mama, aurena ne fa. Aurena!" Shi ne ɗanta na fari, shi ta fi so, kowa ya sani, har mu mukan yi ƙorafi. Amma ta zare ƙafarta, ta ɗauki daron ta ɗora mini a ka, ta miƙo mini fartanya. Ta ce, "Kai wannan bayan gida ki haƙa rami. Ki zurfafa, kada kaji su tona."

Hanyar bayan gida ta gaban mangwaron nan take, babu wata. Haka na wuce gaban baƙi da daro a ka, gwaggon yarinyar har tana cewa, "A'a, duk wannan namu ne?" Mama ta tsaya a gabansu ta gaya musu gaskiya tsirararta, cewa ɗanta ya zuba guba a ruwan da jama'a ke sha, cewa ba za ta ba su mushe ba, kuma su yi mata haƙuri za ta bar su zaune, don dole ta je ta tsayar da mata kada su ɗebi ruwa. Ta ɗaura zane ta fita. Ina haƙa rami ina jiyo su. Dattijon cocin ya yi gyaran murya ya yi gajeriyar addu'a. Babban kawun ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce rana ta yi, hanya da nisa. Ko kunun ba su ƙarasa ba.

Dattawa suka zauna a kan maganar. Hukuncin shi ne Yaya ya shiga rafi ya tsince duk abin da ya kashe da hannunsa, ba safar hannu ba tsinke, ya binne nesa da ruwa, gidanmu kuma ya riƙa ɗebo wa mutanen ƙasa ruwa daga wata maɓuɓɓuga mai nisa har damina ta wanke rafin. Ni na sha wannan ɗiba, wuyana har yau yana tunawa. Mama ta koma ta ɗaure ƙullin ciyawa ba lokacinsa ba, kuma ta bar shi har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Auren ya mutu. Yaya ya tattara kayansa ya taho Kafanchan aikin jirgin ƙasa. Daga baya ya yi aure, ya haihu, yakan zo gida da Kirsimeti, ya gaida Mama a tsaye, amma bai ƙara sa hannu a miyarta ba. In ta zuba masa sai ya ce ya ƙoshi. Takan rufe kwanon ta ajiye ko zai canza ra'ayi, da safe ta ba mu. Haka suka yi ta yi har ta koma ga Ubangiji. Ban taɓa jin ta ce ta yi nadama ba, ban kuma taɓa ganin ta daina ajiye masa kwanon ba.

To, wannan mutumin ne yau yake neman miyar. Na sa ɗana ya kai ni ƙauye a mota, na ɗauki kwando da ƙwarya kamar wata yarinya. Da ma ban je ba. Rafin ya zama kwata. Leda ta naɗe kowane dutse, ga robobin ruwa, ga ƙunzugun jarirai na zamani an jefar suna kumbura. Samari suna wanke babura a daidai gurbin da muke kamu, mai yana yawo a kan ruwa. Masu noman rani suna ɗauraye tankin feshi a ciki, ko a jikinsu. Na tattare zane na shiga, na ɗaga dutse, na ɗaga wani, na ɗaga wani. Baƙin taɓo ne kawai mai warin masai. Wani yaro mai babur ya ce, "Kaka, me kina nema? Kin yar da waya ne?" Na ce uwarka na yar. Suka kwashe da dariya.

Wai kuma yanzu ne ake da doka! An kafa allo na ƙarfe a bakin rafi, da Turanci, wai an hana kamun kifi da guba, wai mai kamu sai da izini. Allon ya yi tsatsa, wani ya shanya wando a kansa. Wata ƙawata ta ƙuruciya, wadda muke kafa kwando tare, ta ce mini kwanaki wasu masu kaki sun tare ta a wani rafi can gaba da 'yar komarta, suka ce ina famit, suka ƙwace komar. Tsohuwa mai neman abin miya! Su kuwa masu zuwa da jarka su zuba magani su kwashe komai a buhu, kowa ya san su, kowa ya san ƙofar gidajensu, gaishe su ma ake yi. Na tambaye ta wa ke ɗaure ƙullin ciyawa yanzu. Ta ce matasan coci sun ce tsafi ne, sun tumɓuke sandar tun tuni. Tsafi! Mamata da ta yi shekara da shekaru tana zumuntar mata a coci, ita ce mai tsafi don ta ce a bar mai ƙwai ya haihu? Sun cire ciyawa mai aiki sun kafa ƙarfen shanya wando. Na tofar da yawu na koma mota, ƙwarya ba komai.

Matar ɗana yarinya ce mai kirki, ta ga na dawo jiki a mace. Washegari ta shiga kasuwa, ta dawo tana murna da ƙulli a baƙar leda. "Mama, na samu! Fresh one ne, ba busasshe ba. Matan da ke sayarwa ya ce daga rafi ne, an ma tafasa shi." Na kwance ledar na zazzage a faranti. Jajaye, gwanin kyau. Wutsiyoyi a miƙe sambal, manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe. Ban ma kai hanci ba warin ya iso. Na ce mata ba zan dafa wannan ba, hannuna ba zai taɓa shi ba. Ta ce, "Haba Mama, kowa fa yana ci. Kuma shi Baba da ke kwance, me ya rage? Ki bar shi ya ji daɗi ko sau ɗaya." Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a ciki. Na yi masa alkawari, kwanakinsa kuma ba su da yawa. Na tsaya da faranti a hannu, na rasa gaba na rasa baya.

Ashe yana jinmu. Kunnen makaho! Ya ɗaga murya daga ɗaki, "An samo? Ku kawo in taɓa." Na shiga na zauna a bakin gado, na ɗora farantin a cinyarsa. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Ya lalubo ɗaya, ya bi bayansa da yatsa tun daga kai har wutsiya. Ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya bi shi. Ya ɗauki wani. Murmushin ya tafi, amma bai daina ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ware su gefe, har ya kai ƙarshen farantin. Sannan ya sake shafa farantin ko ya tsallake wani.

Ya ce, "Kin je rafin?"

Na ce na je.

"Babu?"

"Babu, Yaya. Ko ɗaya."

Hawaye ya gangaro daga idon nan da ba ya gani, ya bi ta gefen hanci. Sai ya tura mini farantin da bayan hannu.

"Kai wannan bayan gida ki haƙa rami," in ji shi. "Ki zurfafa, kada kaji su tona."

Matar ɗana ta ce in kawo ta zuba a shara. Na ce a'a. Na nemo tsohuwar fartanya, na zagaya baya, na haƙa da kaina, da wannan bayan nawa mai ciwo, na zurfafa. Da na dawo na dama masa kunun acca, na riƙe masa kofi, ya sha kaɗan ya ce ya ƙoshi. Na rufe sauran na ajiye masa.